Lafiyar kifi: abin da bincike ya gano game da "bas" na Amurka, da yadda ya shafi tarwaɗa da karfasan tabkunanmu

Kusan kowace shekara, daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, sai an ji labarin wani tabki da aka wayi gari kifi na yawo a samansa ciki sama. Nan take sai magana ta rabu biyu. Wasu su ce an zuba guba, wasu su ce mutanen ruwa ne suka yi fushi. Masu kiwon kifi cikin kwalbati ko tanki su ma suna da irin tasu asarar, ɗiyan kifi dubu su koma ɗari uku cikin mako guda. Mun tattara wannan bayani ne domin masu saurarenmu na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, da kuma 'yan uwa na ƙasashen waje waɗanda suke aiko da kuɗi a gina wa gida wurin kiwon kifi. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma masana sun daɗe suna binciken abin da ke tsamar da shi.

Za mu fara da wani kifi da ba mu da shi a nan, don shi ne ɗaya daga cikin kifayen ruwan daɗi da aka fi bincika a duniya, kuma yawancin abin da aka koya a jikinsa yana aiki a kan namu.

Wane ne bas mai babban baki

Asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa. Launinsa kore ne mai duhu, da baƙin zane a gefen jiki daga kai zuwa wutsiya. Bakinsa ne ya ba shi suna: in ya rufe shi, muƙamuƙin sama yakan wuce bayan ido. Mafarauci ne, yana cin ƙananan kifaye, kwaɗi, ƙwari, har ɗiyan tsuntsayen ruwa. Wanda ya san giwan ruwa ya san halinsa, sai dai shi bai kai giwan ruwa girma ba. Mafi girman da aka rubuta a littafin masu fatsa ya ɗan haura kilo 10. George Perry ne ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, kuma ba a sake rubuta kamarsa a littafin ba sai 2009, lokacin da Manabu Kurita ya fiddo wani a tabkin Biwa na Japan.

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka sun san cewa a can kamun wannan kifi wasa ne da gasa. Mutum ya sayi jirgin ruwa na miliyoyi, ya kama kifi, ya auna, ya ɗauki hoto, ya mai da shi ruwa. Masuncinmu in ya ji haka dariya zai yi. Amma kuɗin da ke cikin wasan ne ya sa jami'o'i da ma'aikatun gwamnati suka shafe shekaru suna bin diddigin kifin, tun daga ƙwai har mutuwa.

Wurin haihuwa namijin ne ke aiki. Shi ke share rami a ƙasan ruwa mara zurfi da wutsiyarsa, macen ta zo ta zuba ƙwai dubbai ta yi gaba, shi kuma ya tsaya yana yi wa ƙwan fifita yana korar duk abin da ya matso, har ɗiyan su ƙyanƙyashe su fara yawo. In aka kama shi a wannan lokaci, ko da za a mai da shi bayan 'yan mintoci, ƙananan kifaye kan afka wa sheƙar kafin ya dawo.

Akwai wani bincike da ya ɗauki hankalinmu. A wani ɗan tabki mai suna Rij a jihar Ilinoi, masana ƙarƙashin David Philipp sun yi shekaru tun cikin 1970 da wani abu suna sa wa duk kifin da fatsa ta kama alama su sake shi. Da aka janye ruwan tabkin, sai aka ga wasu an kama su sau da yawa, wasu kuwa ko sau ɗaya ba su taɓa haɗiye ƙugiya ba. Aka ware su, aka hayayyafa kowane rukuni daban har zuriya uku. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa saurin faɗa wa ƙugiya gado ne. Bincike na baya kuma ya nuna cewa irin masu zafin nan da ake saurin kamawa su ne suka fi tsaron ɗiyansu. Ma'ana, kamun kifi da kansa yana canza irin kifin da ya rage a ruwa. In kullum manya masu ƙarfi ake kwashewa, raggwaye da 'yan ƙanana ne za su haifi na gobe. Masunta da ke cewa kifin yanzu ya yi wayo kuma ya ƙanƙance, akwai gaskiya a maganarsu.

Cutar da ta koya wa masana darasi

A 1991 aka fara gano wata ƙwayar cuta nau'in birus a jikin bas na tabkin Wiya a Fulorida. Ba wanda ya damu sosai sai a 1995, da kifi kusan dubu ya mutu a madatsun ruwan Santi-Kufa na Karolina ta Kudu. Cutar tana taɓa jakar iskar da ke cikin kifi, wadda yake nitso da tasowa da ita. Sai a ga babban kifi, jikinsa lafiya lau ba gyambo, yana yawo a saman ruwa ya kasa nitsewa. Cikin 'yan shekaru an same ta a jihohi sama da goma sha biyar.

Abin mamakin shi ne, da aka yi ta gwada kifaye a tabkuna daban-daban, sai aka tarar da yawansu suna ɗauke da ƙwayar amma suna cin abinci suna haihuwa ba abin da ya same su. Mutuwa tana zuwa ne a tsakiyar zafi. An gwada a ɗakin bincike: kifin da aka sa wa cutar cikin ruwa mai zafin digiri 30 ya fi mutuwa nesa ba kusa ba a kan wanda ke cikin ruwan digiri 25. Wahalar kamawa da cunkoso a cikin tankin jirgi su ma suna taimaka mata. Wato ƙwayar cuta tana nan kwance, wahala ce ke buɗe mata ƙofa. Wannan ita ce babbar ƙa'idar lafiyar kifi, a Fulorida ko a Gulbin Maraɗi. Cutar ba ta kama mutum, kuma ba ta da magani.

Ruwa da iska

Kifi ma iska yake shaƙa, sai dai tasa narke take cikin ruwa. Yana tace ta da jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Iskar oksijan da ruwa ke iya riƙewa kaɗan ce ƙwarai, kuma zafi na rage ta. Lita guda ta ruwa mai sanyin digiri 20 tana riƙe wajen miligiram 9, a digiri 30 ta koma wajen 7 da rabi. A daidai wannan lokaci kuma jikin kifi ya fi buƙatarta, don shi zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Ruwa ya yi ɗumi, zuciyarsa ta ƙara gudu.

To, ku duba tabkunanmu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Ruwa ya janye, kifin da ya bazu a damina ya taru wuri guda, shanu na shiga suna kashi, ruwan ya yi kore shar. Wannan koren ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa. Da rana suna fitar da oksijan, da dare kuwa su ma shaƙa suke, tare da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da kashin dabbobi a ƙasan ruwa. Saboda haka iska tana yin ƙasa tun daga magariba, ta kai ƙarshen ƙarancinta da asuba. Shi ya sa ake wayar gari da mutuwar kifi, har a yi zargin wani ya zo cikin dare. Kwana biyu na hazo ko hadari ba rana su ma suna jawo haka. Ruwan farko na damina kuma, wanda kowa ke murna da shi, yakan kwaso shara, toka da taki ya zuba a tabki, ya motso baƙar laka ta ƙasa wadda ba iska cikinta, kifi ya shaƙe cikin 'yan sa'o'i.

A yankinmu ruwan zaune kaɗan ne. Ruwan sama a yawancin shekaru tsakanin milimita 400 da 600 yake. Gulbin Kaba, da ya ratsa ta ɓangaren Gazawa da Agiye ya yi arewa, kwari ne da ba kasafai ruwa ke gudu cikinsa ba. Gulbin Maraɗi da ke bi ta Gidan Rumji yana gudu ne da damina, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina yawan ruwansa ya dogara da abin da aka sako. Babban wurin su na jaharmu shi ne tabkin Madarumfa. Sauran tabkuna ne na wata huɗu, wata shida, waɗanda ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin masunta kan zuba wa ɗiyan kifi bayan damina. Irin wannan ruwa, kifi mai taurin rai kaɗai ke iya zama cikinsa.

Tarwaɗa, karfasa da gaiwa

Tarwaɗa ta fi kowa dacewa da mu. A cikin kanta, bayan wurin numfashin da kowane kifi ke da shi, akwai wani nama mai rassa kamar ɗan icce wanda take shaƙar iskar sarari da shi. Shi ya sa take tasowa ta yi ɓul ta koma, shi ya sa kuma take kwana cikin kwano da ɗan ruwa a kasuwa tana motsi. Da dare in ƙasa na da danshi har takan ja ciki daga wannan kududdufi zuwa wancan. Wani Bature mai suna Burchell ne ya ba ta sunan kimiyya a 1822, daga sunan kogin Garib na Afirka ta Kudu. Ba ta da ɓawo, don haka masana ba sa iya ƙirga shekarunta a jikin ɓawo kamar sauran kifaye. Sai su yanka ƙayar fiffikenta ko ƙashin baya su ƙirga zobban da ke ciki, kamar na kututturen icce. A bas kuwa wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa ake dubawa.

Ita tarwaɗa ba ruwanta da reno. Da ruwa ya malala kan ciyawa a farkon damina, sai ta zuba ƙwai dubun dubata cikin dare ta tafi, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A tanki ba ta haihuwa da kanta, sai an yi wa macen allura, a tatse ƙwan, a yanka namiji a ɗebo ruwan haihuwarsa a gauraya. Ɗiyan kuma suna cin junansu. Cikin kowace ƙyanƙyasa akwai 'yan kaɗan da ke yin girma da sauri, in ba a ware su ba su za su haɗiye sauran. Mai kiwo da yawa ya zargi yaran gida da sata, alhali ɓarawon na cikin tanki. Ta fi son ruwan digiri 28 zuwa 30. Da hunturu takan rage cin abinci, kuma abincin da aka zuba bai ciwu ba shi ke ruɓewa ya ɓata ruwa.

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, halinta daban. Namiji ya haƙa rami kamar na bas, amma macen ce ke kwashe ƙwan a bakinta ta riƙe har wajen mako biyu ba ta cin komai. Kyawun renon nan shi ne matsalarta a ƙaramin tabki: ɗiya su yi yawa, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure ya fara haihuwa tun yana kamar tafin hannun yaro. Masu kiwo na zamani maza zalla suke zubawa don sun fi girma, wasu kuma su sa 'yan tarwaɗa kaɗan su rage ɗiyan. Karfasa ba ta da hanyar shaƙar iskar sarari, saboda haka in iska ta yi ƙasa ita ce ke riga tarwaɗa mutuwa.

Gaiwa kuwa sai dai a ce Allah mai iko. Tana da huhu. In tabki ya ƙafe ta shige laka, ta naɗe kanta cikin yauƙin jikinta da ya bushe, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Kirarin da ake yi mata na cin jikinta daidai yake da abin da bincike ya gani, don naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu. A 2021 masana suka gama karanta kundin halittar irin gaiwar da muke da ita a nan Afirka ta Yamma, suka tarar ya ninka na ɗan Adam fiye da sau goma.

Cututtuka da tsutsa

Gyambo ja a jikin tarwaɗa, kumburin ciki, fiffike da gashin baki su zagwanye: galibi aikin wasu ƙwayoyin cuta ne da ke cikin kusan kowane ruwa, suna jiran kifi ya raunana. A tanki babban mai raunana shi shi ne fitsarinsa da kashinsa da ragowar abinci, waɗanda ke zama guba in ba a canza ruwa ba. Mun ga yadda ake saurin fasa kafso na mutane a zuba wa kifi. A ganinmu wannan ɓarnar kuɗi ce da haɗari: ruwan da ya jawo cutar yana nan, ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani, ragowarsa kuma tana shiga cikin mai cin kifin. Canza ruwa, rage abinci, rage cunkoso, su ne farko. Magani sai da shawarar likitan dabbobi.

Tsutsar da mata ke tararwa in suna gyaran tarwaɗa ba sabon abu ba ce. Masana na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga bincike a 2004 kan tsutsotsin cikin tarwaɗar Zariya, an kuma yi irinsa a wurare da yawa na arewacin Najeriya. Wasu daga cikinsu ta cikin tsuntsaye masu cin kifi kamar zalɓe suke zagayowa. A cire kayan ciki tun kifin na sabo, a dafa ko a soya ya nuna sosai, wuta na kashe su.

Waɗanda suka fi ban tsoro su ne cututtukan da ke tafiya da ɗiyan kifi daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai birus na karfasa da aka gano a Isra'ila a 2014, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a kansa a watan Mayu na 2017. A 2018 wani birus daban ya kashe karfasa masu ɗimbin yawa a gonakin kifi na tabkin Bolta a Gana. Yawancin masu kiwo na wajenmu daga ƙetaren iyaka suke samo ɗiyan kifi, cikin jarka, a bayan mota, cikin rana. Kifin da ya sha wannan tafiya a raunane yake isowa. Kamata ya yi a ajiye shi daban na mako biyu a ga halinsa, kuma ruwan jarkar kada ya shiga tabki.

Kifin da kansa ma yana iya zama annoba, kuma a nan bas ya yi ƙaurin suna. An kai shi Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, tabkin Naibasha na Kenya a daidai wannan zamani. A tabkin Atitilan na Gwatamala an zuba shi a 1958 don jawo baƙi masu fatsa. Ya cinye ƙananan kifaye, kuma yana cikin abubuwan da suka ƙarar da wani tsuntsun ruwa da babu irinsa ko'ina a duniya, wanda ya ɓace baki ɗaya kafin 1990. Yau yana cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna in an kai su inda ba nasu ba. Giwan ruwanmu ma haka ya yi a tabkin Biktoriya bayan an zuba shi cikin shekarun 1950. Don haka ɗan uwa da ke waje in ya ga wani kifi mai saurin girma ya yi sha'awar kawo irinsa gida, ya fara tambayar ma'aikatan gandun daji.

Abin da muke zubawa a ruwa

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta duba kifaye a manyan koguna tara, ta buga sakamako a 2009: wajen kashi 18 cikin ɗari na mazajen bas mai babban baki suna da ƙwayayen ƙwai irin na mata a cikin gabansu. Ana zargin magunguna da sinadaran da ke kwarara daga garuruwa da gonaki. An kuma tabbatar da cewa zaiba, wadda masu haƙar zinari a ƙasashe da yawa ke wanke zinari da ita, tana taruwa a naman kifi mai cin kifi, babban ya fi ƙarami. Jihohin Amurka da dama suna gargaɗin mata masu ciki kan cin manyan bas. Wuta ba ta fitar da zaiba.

Namu ya fi wannan kusa. Mai lambu ya gama feshi ya wanke famfonsa a bakin tabki. Wani ya zuba Gamalin don ya kwashe kifi a rana ɗaya, abin da dokar su ta ƙasarmu ta hana. Mai busasshen kifi ya yayyafa piya-piya don ƙwari. Ga kuma gidan sauro da aka mai da koma, wanda ke tsame har ɗiyan da ba su kai farce ba.

Yadda ake gane abin da ya kashe kifi

Masana suna da hanya mai sauƙi wadda ba ta buƙatar na'ura. In da asuba abin ya faru, kifi na tasowa yana hamma a saman ruwa, manya suka riga ƙanana mutuwa, karfasa ta mutu tarwaɗa na nan, kwaɗi na kukansu, kuma rana na ɗagawa abin ya lafa, to ƙarancin iska ne. In kuwa a kowane lokaci ne, ƙanana suka fara mutuwa, kifi na firgita yana juyi, tarwaɗa ma ta bi, har kwaɗi da ƙwarin ruwa, to a yi zargin guba: kada mutum ko dabba su sha, kada a ci kifin, kada a kai shi kasuwa. In iri ɗaya ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan kwana da kwanaki, da gyambo ko kumburi, cuta ce.

Ko wanne ne, a sanar da sarkin ruwa ko mai gari da ofishin gandun daji na gunduma tun ranar. Abin da zai amfane su shi ne kifin da ke gargarar mutuwa, ba wanda ya kumbura ya ruɓe ba, da ruwan tabkin cikin kwalba mai tsabta, da lokacin da aka fara gani. Mai waya ya ɗauki hoton kifin, ya ɗaga murfin kumatun ya ɗauki na jan naman: na lafiyayye ja ne jawur, na mara lafiya yakan koɗe ko ya yi ruwan ƙasa. Matattun kuma a kwashe a binne nesa da ruwa, don in aka bar su suna ruɓewa su ma iskar da ta rage suke cinyewa, gobe da asuba a sake wata asarar.